Lafiya Uwar Jiki: Abin Da Ke Bayan "Da Sauƙi"

  

Duk wadda ta taɓa zuwa dubiya ta san yadda gaisuwar take. Za ki ce, "Ya jiki?" majinyaciya ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ko da ƙyar take jan numfashi haka za ta faɗa, domin haka aka tarbiyyantar da mu, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai mata iri biyu ne ke ba da wannan amsa. Akwai wadda ta faɗa tana nufin ta dogara ga Allah, gobe kuma za ta tashi ta nemi magani. Akwai wadda ta faɗa don a ƙyale ta, saboda a zuciyarta ta riga ta yanke cewa duk abin da za ta yi ba zai tsinana komai ba. Ta biyun nan ita ce muke cewa ta sare, ko ta karaya.

A wannan wata ina so mu koyi yadda ake rarrabe su. Zan bi da mu ta kan wani ciwo da ba a cika jin sunansa ba, wanda ya yi ƙaurin suna wajen karya zuciyar mata, har masu bincike suka jarraba auna karayar. Magana ce ta kowa, amma zan keɓe 'yan uwanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Wane ciwo ne wannan?

Likitoci suna kiran sa sikilerodama. Kalma ce ta Girkanci mai nufin fata mai tauri, don haka mu kira shi ciwon taurin fata. Garkuwar jiki, wato sojojin da Allah ya halitta mana don yaƙar cututtuka, ita ce ke rikicewa ta juya kan mai ita. Daga nan sai jiki ya riƙa ƙera wani sinadari mai suna kolajin fiye da ƙima. Kolajin shi ne abin da ke haɗa tabo idan rauni ya warke. To, ki ɗauka tamkar jiki ne yake ta yin tabo ba tare da an ji ciwo ba, a fata da ƙananan jijiyoyin jini, wani lokaci har a maƙoshi da huhu da zuciya da ƙoda.

Ya fi kama mata. A duk namiji guda da ya kamu ana samun mata uku ko huɗu, ko ma fiye, yawanci tsakanin shekara 30 da 50, daidai lokacin da mace ke tsakiyar hidimar gida da renon 'ya'ya. A nan Najeriya, Farfesa Femi Adelowo da abokin aikinsa sun wallafa bayanin majinyata 14 a shekarar 2009, kuma mafi yawansu mata ne. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna yana kama baƙar fata da ƙananan shekaru, kuma ya fi yi musu tsanani. A Afirka ta Kudu kuwa, tun 1957 aka lura da yawansa a tsakanin masu haƙar zinare da ke shaƙar ƙurar dutse. Wadda maigidanta ko ɗanta ke aikin haƙo ma'adinai ko fasa dutse, sai ta riƙe wannan.

Alamar farko yawanci a yatsu take bayyana. Mace za ta sa hannu a ruwan sanyi da asubahin hunturu, sai yatsun su yi fari fat ko su yi duhu, su mutu, in sun fara ɗumi kuma su yi ja da zogi. Wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, shi ya fara bayanin wannan a 1862, kuma fiye da tara cikin goma na masu ciwon taurin fata suna da shi. Amma kada hankalin kowa ya tashi, domin mutane da yawa yatsunsu na yin haka a lokacin sanyi ba tare da suna da wani ciwo ba. Abin lura shi ne idan wasu alamun suka biyo baya: yatsu su kumbura har zobe ya ƙi fita, fata ta ɗame tana sheƙi har ba a iya mintsinin ta, yatsu su fara lanƙwashewa, ƙananan gyambuna su fito a kansu su ƙi warkewa. Baki yakan tsuke har lomar tuwo ta yi wuyar shiga, ga ƙwannafi mai naci, ga abinci na tsayawa a ƙirji. A fatarmu ta baƙaƙe yakan yi ɗigo-ɗigon fari da baƙi a goshi ko ƙirji ko bayan wuya, kamar jikin zabuwa.

Wannan ɗigon da lanƙwashewar yatsu su ke sa a ce kuturta ce, a fara ware wa baiwar Allah kwano da moɗa. Ku ji da kyau, 'yan uwa. Ciwon taurin fata ba kuturta ba ne, kuma ba a ɗaukar sa ta cin abinci tare, ko shimfiɗa, ko shayar da jariri. Har yanzu ba a samo maganin da ke raba mutum da shi baki ɗaya ba, amma akwai magungunan da ke danne shi su kare huhu da ƙoda. Kuma ga da yawa daga cikin majinyata, fatar takan kai ƙarshen taurinta a 'yan shekarun farko, daga baya ta fara saki da kanta.

Inda zuciya ke karyewa

Hannun mace shi ne jarinta. Da shi take tuƙa tuwo, ta yi wanki, ta yi wa 'yarta kitso, ta murza ƙuli, ta ɗinka hular da za ta sayar ta zuba adashi. Ranar da ta kasa ɗaura zaninta da kanta, ko ta kasa saɓa goyo, ko ta kira ƙaramar yarinya ta buɗe mata murfin kwalba, wani abu yana faɗuwa a cikin ranta wanda ba a gani a fata. Sannan ga fuska ta sauya, ta daina duba madubi, ta daina zuwa biki da suna. Idan gidan da abokiyar zama, sai ta fara lissafin ranar da za a ce ta bar girki. Idan babu, ta fara lissafin ranar da za a kawo wata.

Ga kuma yawon neman magani. An je kemis an ce sanyi ne. An je wajen mai magani an ce sammu ne, an yi turare an sha jiƙo. An je asibiti an ce a koma wani asibitin. An sayar da akuya, an sayar da buhun masara, jiya i yau. Wani nazari da aka fitar a 2007, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan masu wannan ciwo, ya samu tsakanin 36 da 65 cikin 100 suna ɗauke da alamun ciwon damuwa. Wato a ƙalla ɗaya cikin uku.

Ashe karaya ma ana auna ta?

Likitan da ya san wannan ciwo yakan auna fata da yatsunsa. Zai mintsini wurare 17 a jiki, ya ba kowane wuri maki daga sifili zuwa 3, ya haɗa jimilla, wadda ba ta wuce 51. In majinyaciya ta dawo bayan wata shida ya sake aunawa, ya ga ko gaba aka yi ko baya. Sai dai likitoci sun daɗe da lura cewa za ka ga mata biyu makin fatarsu ɗaya, amma ɗaya tana ta hidimarta da dabara, ɗaya kuwa tana kwance a ƙuryar ɗaki. Bambancin yana cikin abin da kowace ta yarda da shi game da ikonta a kan ciwon.

Asalin wannan tunani ya faro ne a 1967, lokacin da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Martin Seligman da Steven Maier, suka yi gwaji da karnuka. Sun gano cewa dabbar da aka yi ta azabtarwa ba tare da hanyar kuɓuta ba, daga baya ko an buɗe mata hanya ba ta yunƙurin fita, sai ta kwanta tana kuka. A 1985 wasu masu bincike, cikinsu har da Perry Nicassio da Leigh Callahan, suka shirya tambayoyi 15 don auna irin wannan hali a jikin masu amosanin gaɓoɓi. Daga baya aka gyara su yadda za su dace da sauran cututtukan da suka danganci wannan, aka kuma tace guda biyar da suka fi nuna karaya. A 2017 wasu masu bincike a Kalifoniya suka jarraba ma'aunin a kan masu ciwon taurin fata su kansu.

Ana karanta wa majinyaci magana biyar ne, ya faɗi gwargwadon yadda ya yarda da kowace, daga 1 zuwa 5. Ma'anarsu a taƙaice ita ce: ko yana jin ciwon ne ke juya rayuwarsa, ko yana jin ba shi da kataɓus in babu masu taimaka masa, ko yana jin duk ƙoƙarin da ya yi ba ya samun sassauci, ko yana jin ya kasa jure zama da ciwon, da kuma ko yana jin ƙaddara da wasu abubuwan da suka fi ƙarfinsa ne ke sarrafa ciwon. Jimilla takan kama daga 5 zuwa 25, kuma yawan maki shi ne yawan karaya.

Kada a ɗauka wannan wasan takarda ne. Wani bincike na 1996 a kan masu amosanin gaɓoɓi ya nuna waɗanda makin karayarsu ya yi sama sun fi saurin rasuwa a cikin shekara biyar da suka biyo baya. Ajali na hannun Allah, amma komai da sababinsa. Wadda ta sare ita ce ke daina shan magani, ta daina motsa yatsu, ta ƙi komawa asibiti, ta ɓoye sabuwar alama don kada ta ɗora wa mutane nauyi.

Tambaya ta biyar da mace Musulma

Ku sake duba magana ta biyar, wadda ta ambaci ƙaddara. Idan aka karanta wa kowace Musulma ita, daga Sabuwa har Makka, cewa za ta yi ta yarda ɗari bisa ɗari, domin imani da ƙaddara rukuni ne na imaninmu. Waɗanda suka shirya ma'aunin sun shirya shi ne a wata al'umma daban. In aka ɗauko shi yadda yake aka ɗora mana, sai a rubuta mai tawakkali a layin waɗanda suka yanke ƙauna. A ɗaya ɓangaren kuma, wadda ta yanke ƙaunar da gaske za ta iya fakewa da kalmomin tawakkali, mu kuma mu yi ta yaba haƙurinta alhali tana nutsewa a gaban idonmu.

To, yaya za a gane? A dubi aiki. Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne abin misali wajen haƙuri da cuta, amma ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma da sauƙi ya zo sai da aka umurce shi ya buga ƙafarsa a ƙasa, ya yi wanka da ruwan da ya ɓuɓɓugo, ya sha. Nana Maryamu tana cikin zafin naƙuda aka umurce ta ta girgiza kututturen dabino, alhali Allah mai iko ne ya zubo mata ba tare da ta motsa ba. Mai tawakkali tana girgiza dabinonta gwargwadon ƙarfinta, ta bar wa Allah saura. Wadda ta karaya kuwa hannun ma ta daina miƙawa.

A nan ina jan kunnenmu da babbar murya. Idan kika gane 'yar uwarki ta sare, kada ki tare ta da faɗan cewa imaninta ya yi rauni. Karaya wani ɓangare ne na ciwon, kamar yadda gyambon yatsa yake ɓangarensa. Wa'azin da zai ƙara mata jin cewa ko a wajen Allah ma ta gaza, ƙara gishiri ne a kan miki.

Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Yanzu ga dalilin da ya sa na keɓe waɗannan ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da auduga, wadda matanta ba su san zaman banza ba. Amma kowa ya san abin da ta gani. A watan Yuni na 2020 aka yi kisan Kadisau a Faskari. A daren 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnati ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. A watan Yuni na 2024 aka shiga 'Yargoje. An yi zaman sulhu a wasu sassan yankin a 2025, muna roƙon Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Ki kwatanta matar da yatsunta suka fara ƙandarewa a irin waɗannan shekaru, a wani ƙauye bayan 'Yankara ko Damari. An ce ta koma Shika bayan wata uku, ranar ta zo hanya ba ta biyuwa. Akuyar da za a sayar a yi kuɗin mota babu kasuwar da za a kai ta. Ɗan uwan da ke birni wanda zai turo taimako ba a samun sa a waya. Gonar da ake dogaro da ita ba a noma ta ba. Idan wannan matar ta ce ba yadda za ta yi, gaskiya ta faɗa, ba ruɗin zuciya ba ne.

Saboda haka duk mai son auna karaya a wannan yanki dole ta raba abu biyu. Akwai rashin hanya, akwai mutuwar gwiwa. Maganin na farko kuɗin mota ne da ɗan rakiya da wurin kwana a Funtua ko Zariya. Na biyun kuwa shi ne abin da ke saura ko bayan hanya ta buɗe. Haɗarin shi ne na farkon ke haifar da na biyu. Wadda ta yi yunƙuri sau biyar ana mayar da ita, in aka zo na shida aka ce ga mota ga kuɗi, sai ta ce a bar shi kawai, a saya wa yara abinci. Duk gidan da aka ji wannan magana, to a san aiki ya ƙaru.

Amma ga abin ƙarfafa gwiwa. Waɗancan masana biyu, bayan shekara kusan 50 suna bibiyar lamarin, sun fito a 2016 sun gyara bayaninsu. Sun ce ashe sakin jiki shi ne abin da kowane mai rai ke yi da kansa idan wahala ta daɗe, abin da ake koya shi ne sanin cewa yunƙuri yana da amfani. Kuma abin da ake koya, ana iya sake koyar da shi.

Tambayoyi biyar na cikin gida

Waɗannan ba ma'aunin likita ba ne, tambayoyi ne da na tsara daidai da zamanmu. Kada a yi su a gaban 'yan dubiya, ko uwar miji, ko abokiyar zama. Aminiya ko 'yar uwa ta jiki ta zauna da ita su biyu, tana shafa mata mai a hannu, hira ta kawo su.

1. Maganinta, ita ke tunawa ta sha, ko sai an bi ta da shi? Idan ya kusa ƙarewa tana faɗa?

2. Akwai wata dabara da ta gano da kanta mai rage mata ciwo? Wadda za ta ce miki in ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin girki yana saki, to da sauran ƙarfi a zuciyarta. Wadda ta ce babu abin da ke yi mata, a lura da ita.

3. Ayyukan da ta bari, hannu ne ya hana ko sha'awar ce ta tafi? Barin daka dole ne. Barin sauraron rediyo da barin hira da maƙwabta wani abu ne daban.

4. Tana maganar gobe? Tana sa baki a kayan sallar yara, da auren 'yarta, da abin da za a shuka bana?

5. Idan aka ambaci komawa asibiti, me take cewa? Tana tambayar yadda za a samu kuɗin, ko cewa take kada a ɓata kuɗi a kanta?

A maimaita bayan wata guda, a ga ko gaba ake yi ko baya. Idan kuwa ta daina barci, ta daina cin abinci, tana yawan kuka a ɓoye, ko ta fara cewa gara ta mutu ta huta kowa ya huta, to ba a jiran wata. A faɗa wa likita a fili, kada a bar ta ita kaɗai. Ciwon damuwa yana da magani.

A mayar mata da linzami

Kuskuren da muke yi saboda tausayi shi ne mu karɓe mata komai, mu ce ta kwanta kawai. Da haka muke tabbatar mata cewa ta zama kaya. A bar mata abin da take iyawa, ko da za ta daɗe. In ba ta iya tuƙi, ita za ta auna gari ta ɗanɗana miya. In ba ta iya kitso, ita za ta yi wa yara tilawa. A naɗa tsumma a ƙotar ludayi da wuƙa su yi kauri yadda za ta iya riƙewa. A shawarce ta a kan lamarin gida kamar da.

Sannan a koya mata abubuwan da ke hannunta, waɗanda za ta yi ta ga amfaninsu da idonta. Ta riƙa alwala da wanke-wanke da ruwan ɗumi, musamman a hunturu. Ta sa safar hannu da ta ƙafa, ta rufe jiki gaba ɗaya, domin ɗumin jiki ne ke kai jini yatsu. Ta shafa man kaɗanya ko basilin bayan kowane wanka. Kullum ta miƙe yatsunta a kan faifai ko tabarma, ta dunƙule ta buɗe, ta kuma wage baki sau da yawa don kada ya ƙara tsukewa. Ta ci abinci kaɗan-kaɗan, kada ta kwanta sai bayan awa biyu ko uku da cin na dare, a kuma ɗaga gadon ta wajen kai da bulo. Ta nisanci hayaƙin taba. Ta samu ɗan littafi da za a rubuta sunan ciwon da magungunanta da awon jininta, ya zauna a hannunta ita.

Ana tunawa da masu wannan ciwo a duniya ranar 29 ga Yuni, ranar da wani shahararren mai zane haifaffen Suwizalan, Paul Klee, ya rasu da shi a 1940. A 1936, da ciwon ya kayar da shi, zane 25 kacal ya iya yi. Da ya sauya salon aikinsa daidai da halin da jikinsa ke ciki, a 1939 ya yi fiye da 1,200.

Abubuwan da ba a wasa da su

Na farko, ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Mai wannan ciwo takan rame, sai wata ta ba ta shawarar ta sha ta murmure. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su firednisolon da dekisa, waɗanda ake kuma bayarwa a kemis don ciwon gaɓoɓi. Yawan shan su na iya tayar wa mai taurin fata da ciwon ƙoda na farat ɗaya. Kada ta sha sai da umurnin likitan da ya san ciwonta.

Na biyu, awon hawan jini a kai a kai, musamman a shekaru biyar na farko. Matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko raguwar fitsari, alamu ne na a tafi asibiti a ranar. A da, cikin 100 da ƙodarsu ta rikice haka, kimanin 15 ne ke kai shekara. Bayan samuwar magunguna irin su kaftofiril, wani bincike na 1990 ya samu 76 suna kaiwa. Sharaɗin shi ne a je da wuri.

Na uku, ban da tsaga, ban da ƙaho, ban da sakiya a hannu ko ƙafa, domin jini ba ya isa wurin sosai, rauni kuma ba ya saurin warkewa. Na huɗu, haki ko busasshen tari mai naci a kai wa likita, ana iya duba huhu. Na biyar, maganar ciki a yi ta da likita tun kafin a ɗauka, domin wasu magungunan ciwon suna cutar da ɗan tayi.

A fara da babban asibiti mafi kusa, na Ƙanƙara ko Funtua ko Malumfashi, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Shika, ko na tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, a ce ana son ganin likitan gaɓoɓi ko na fata. Mai zuwa daga nesa ta faɗa wa likita halin hanyarsu, ta roƙi a rubuta mata maganin da zai kai ta wata biyu ko uku, da abin da ma'aikacin lafiya na garinsu zai riƙa duba mata.

Saƙo ga sauranmu

Uwargida, ki karanta wa maigida wannan shafi. Kalma ɗaya daga bakinsa, cewa tana nan a matsayinta kuma ba ya ƙyamar ta, ta fi kwalin magani. Abokiyar zama, ki tuna lafiya aro ce, ki ci da ita a kwano ɗaya yara su gani. Matan Islamiyya da 'yan adashi, ku ware wani abu don kuɗin motar marasa lafiyar unguwa, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Masu fitar da zakka kuma su tuna da gidajen da kunya ta hana su roƙo.

Ke kuma baiwar Allah da ke ɗauke da wannan lalura, ko wata mai kama da ita, faɗin inda ke yi miki ciwo ba rashin godiya ba ne. Ki gode wa Allah, sannan ki faɗa wa 'yar uwarki gaskiyar abin da ke ranki, ki zaɓi abu guda daga cikin waɗanda muka lissafa ki fara da shi gobe da safe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, ya kawo wa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran garuruwanmu zaman lafiya, ya sa wahalar da aka sha ta zama kaffara. Sai wata mai zuwa idan mai kowa mai komai ya kai mu. Wassalamu alaikum.